Yadda Ake Yanke Shawarar Ɗaukar Jakar Barci ko Barinta a Ziyarar Ibada da Ƙafa

Duk wanda ya ɗaura niyyar yin ziyarar ibada da ƙafa, ta mako guda ce ko ta wata guda, sai ya kai ga ranar da zai baje kayansa a ƙasa yana tace abin da zai shiga jakar goyo da abin da zai bari a gida, kuma a cikin kayan nan babu wanda ya kai jakar barci, wato mayafi mai kama da buhu da mutum ke shiga ciki ya yi barci, ɗaure kai. Takalmi dole ne, gorar ruwa dole ce, rigar ruwa ma babu mai musu a kanta. Jakar barci kuwa tana da nauyi, tana cin wuri, kuma ana iya gama tafiyar ba a warware ta ba sai dare biyu ko uku. Amma kuma wanda ya kwana yana makyarkyata bai runtsa ba, washegari zai tashi da jiki a mace alhali akwai kilomita 25 a gabansa, sai natsuwa da addu'ar da ya fito dominsu su koma fama da gyangyaɗi.

Shawarata ita ce a yanke hukuncin nan da dare guda ɗaya, wato daren da ya fi kowane sanyi, a masaukin da ya fi kowane ƙarancin kayan shimfiɗa a cikin tafiyar. Tsoron abin da ka iya faruwa yakan sa mutum ya ɗauki kayan da ba zai taɓa buɗewa ba, labarin wanda ya je a wani wata dabam kuma yakan sa ya bar abin da zai buƙata. Idan aka gano wannan dare guda, aka kuma san yadda jiki zai wuce shi, abin da ya rage lissafin nauyi ne kawai.

Mataki na farko: rubuta inda za ka kwana, dare bayan dare

Ɗauki takarda ka jera ranakun tafiyarka daga farko har ƙarshe, a gaban kowace rana ka rubuta garin da kake sa ran yada zango da irin masaukin da za ka sauka. Aikin nan yana cin lokaci, amma shi ne tushen komai, domin hanyoyin ziyara sun bambanta ƙwarai ta fuskar makwanci.

A hanyar Santiyago ta ƙasar Sifaniya, musamman reshenta da ke tasowa daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa ya yi kusan kilomita 780 kafin ya isa birnin Santiyago, mafi yawan matafiya suna kwana a masaukan haɗaka da ake kira alberge. Ɗaki ne babba mai gadaje masu hawa biyu, katifa mai rufin roba, matashi ɗaya, a wurare da yawa kuma sai a miƙa maka siririn zanen gado na amfani sau ɗaya a jefar. Wasu masaukan na hukumar gari ne, wasu na coci, wasu na 'yan kasuwa, wasu kuma sadaka ce ke tafiyar da su. Masaukan 'yan kasuwa sun fi yawan ba da bargo, na hukuma da na coci kuwa ba a cika dogara da su a kan haka ba. Wanda zai riƙa kama ɗaki a otal ko a gidan baƙi kowane dare a wannan hanya, ba ya buƙatar jakar barci ko a tsakiyar hunturu, yana iya tsallake sauran bayanin nan ya ci gaba da shirinsa.

A tsibirin Shikoku na Japan, inda ake zagaya wuraren ibada 88 a tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,200, gidajen baƙi da masaukan wuraren ibada suna shimfiɗa wa baƙo katifa da mayafi mai kauri, don haka jakar barci ta masu niyyar kwana a rumfa ko a tanti ce. A hanyar Olaf ta ƙasar Norwe, daga Oslo zuwa Trondheim, mai tsawon kusan kilomita 640, masaukai da yawa suna sa ran baƙo ya zo da abin kwanciyarsa ko ya biya kuɗin hayar zanen gado. A tattakin Arba'in daga Najaf zuwa Karbala a Iraƙi, mai tsawon kusan kilomita 80, rumfunan masu hidima da ke jere a gefen hanya suna ba da wurin kwana da barguna kyauta, sai dai cunkoso yakan sa wanda ya iso a makare ya rasa gurbi a ciki. A aikin Hajji kuma, daren Muzdalifa a fili ake yin sa, bisa ƙasa mai tsakuwa, inda abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci.

Bayan ka gama jerin, sa alama a kan kowane daren da ba ka da tabbacin za a ba ka mayafi, ka kuma sa alama biyu a kan kowane daren da za ka iya kwana a ƙasa ko a waje. Kada ka manta da daren da shiri ya ɓaci, domin a lokacin cunkoso masauki yakan cika, a kai ragowar mutane ɗakin wasanni ko zauren coci su kwanta a kan tabarmar roba ba tare da komai ba.

Mataki na biyu: nemo sanyin dare, ka bar zafin rana

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya duba yanayin rana ya ga digiri 28 a ma'aunin Salshiyas ya ce ai garin zafi ne. Abin da ya shafi barci shi ne mafi ƙarancin zafi na dare, wanda yakan sauka ƙasa sosai gab da asuba. Shafukan hukumomin hasashen yanayi suna ba da matsakaicin wannan adadi na kowane wata a manyan garuruwa, sai ka rubuta shi a gaban kowane zango. A Burgos, alal misali, wani birni a kan hanyar Santiyago, wanda ke kan tudu mai tsayin sama da mita 850, zafin dare yakan sauka zuwa wajen digiri 12 a watan Yuli, a watan Afrilu kuwa zuwa wajen digiri 3. Matsakaici ne wannan, ma'ana akwai dararen da suka fi haka sanyi, don haka ka rage digiri uku ko huɗu daga adadin kafin ka yi aiki da shi.

Idan zangonka ƙauye ne a kan dutse, kuma adadin da ka samu na garin da ke kwari ne, ka yi gyara da kanka. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000. A hanyar Santiyago wuraren da ya kamata a sa wa ido su ne Roncesvalles a tsaunukan Pyrenees, mai tsayin kusan mita 950, da ƙauyukan da ke kusa da Cruz de Ferro, inda hanya ke kaiwa kusan mita 1,500, da O Cebreiro a ƙofar yankin Galisiya, mai kusan mita 1,300. A hanyar Francigena da ke tafiya daga Kantabari ta Ingila zuwa Roma, mashigar Babban Saint Bernard a tsaunukan Alps ta kai kusan mita 2,470, kuma ko a watan Agusta darenta na sanyi ne.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa. Tsohon gini na dutse mai kaurin bango yana riƙe sanyi da danshi, kuma masaukai masu araha ba su cika barin na'urar ɗumama ɗaki tana aiki har asuba ba. A ɗakin da mutum 30 ke kwance, da farkon dare zafin jikin jama'a yakan cika wurin har a yi gumi, sai wani ya tashi ya buɗe taga. Wajen ƙarfe uku na dare, wanda gadonsa ke ƙarƙashin tagar nan zai farka ya ji katifar roba ta yi sanyi a bayansa, yatsun ƙafarsa sun ƙandare, ya shiga lalube a duhu yana neman rigar sanyi a ƙasan jaka, yana kuma jin kunyar ƙarar leda kada ya tashi maƙwabtansa. Wannan sa'a ce ake yi wa tanadi.

Ga ziyarar da ke bin kalandar Musulunci, sai an ƙara lura da shekara, domin ranakunta suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara idan aka gwada da kalandar rana. Arba'in ta faɗo a watan Disamba a 2014, lokacin da daren hamadar Iraƙi ke da tsananin sanyi, amma a 2025 ta faɗo a watan Agusta, cikin tsananin zafi. Don haka duk wanda ya ba ka shawara daga abin da ya gani, tambayarka ta farko gare shi ita ce a wane wata ya je.

Mataki na uku: tambayi masaukan da ka sa wa alama

Ba sai ka tuntuɓi kowane masauki ba, biyu ko uku da suka fi tsayi ko suka fi ƙarancin kaya sun isa. Aika saƙo ko ka buga waya da tambayoyi uku: ana ba da bargo a wannan wata, yana isar kowa idan ɗaki ya cika, kuma ana kunna na'urar ɗumama ɗaki da dare? Littafin jagora da aka buga shekaru da suka wuce ba zai amsa maka wannan ba, domin a lokacin annobar korona ta 2020 masaukai da yawa sun kwashe bargunansu, kuma ba duka suka mayar da su ba. Ko inda ake bayarwa, ka sani ba a wanke bargon haɗaka bayan kowane baƙo, kuma idan guda 10 ne a ɗakin mutum 40, masu riga isowa ne ke kwashewa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, don haka bargon masauki ƙari ne a kan tanadinka, kada ka gina shirinka gaba ɗaya a kansa.

Mataki na huɗu: gwada jikinka tun kana gida

Mutane biyu suna iya kwana a ɗaki ɗaya, ɗaya yana ture mayafi ɗaya yana neman ƙari. A galibi mata sun fi maza jin sanyi a barci, haka tsofaffi da marasa ƙiba, haka kuma wanda ya saba da ƙasa mai zafi. Gajiya ma tana ƙara jin sanyi, domin jikin da ya wuni yana tafiya, musamman idan bai ci ya ƙoshi ba ko yana azumi, ba shi da isasshen abin ƙonawa da zai ɗumama kansa da dare.

Gwajin yana da sauƙi. Ka zaɓi daren da ka yi doguwar tafiyar atisaye da jaka a baya, ka sanyaya ɗakinka gwargwadon yadda za ka iya, ko ta buɗe taga ko ta na'urar sanyaya ɗaki, ka ajiye ƙaramin ma'aunin zafi kusa da kanka. Ka kwanta da ainihin abin da kake tunanin tafiya da shi, ba tare da bargon gida ba. Idan ka farka da sanyi, duba ma'aunin ka rubuta adadin. Wannan adadi shi ne iyakar kayanka a jikinka, kuma ya fi duk abin da wani zai faɗa maka amfani. Sai ka gwada shi da sanyin daren da ka gano a mataki na biyu, kana tuna cewa cikin ɗaki mai rufi da jama'a ya fi waje ɗumi da digiri masu yawa.

Mataki na biyar: ɗora komai a sikeli

Masu tafiyar ƙafa suna da ƙa'idar da suke maimaitawa, cewa jakar goyo kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai amfani: mai kilo 70 ya nemi tsayawa a wajen kilo 7, yana tuna cewa kowace litar ruwa kilo guda ce. Ka haɗa kayanka duka ba tare da jakar barci ba ka auna, sa'an nan ka ga gurbin da ya rage. Tafiyar kilomita 25 ta haura taku 30,000, kuma duk abin da ke bayanka gwiwa da tafin ƙafa ne ke karɓarsa a kowane taku, musamman a gangara.

A nan ne ake gane cewa zaɓin ya wuce ɗauka ko bari, akwai matakai a tsakani. Mafi sauƙi shi ne zanen ciki, wato siririn zane da aka ɗinke ƙasansa da gefensa mutum ya shiga ciki ya kwanta. Na siliki nauyinsa bai cika wuce giram 150 ba, kuma idan an naɗe shi yana shiga aljihun jaka, na auduga kuwa yakan kai giram 400 kuma yana daɗewa bai bushe ba. Ɗumin da zanen ciki ke ƙarawa kaɗan ne, kada ka yarda da manyan alƙaluman da wasu masu sayarwa ke rubutawa, amma yana raba fatarka da katifa da bargon da ɗaruruwan mutane suka kwanta a kai. A ganina wannan ba abin bari ba ne ga duk mai kwana a masaukin haɗaka, a kowane wata. Sama da shi akwai bargon tafiya mara nauyi, wanda ba shi da baya ko hula, sai jakar barci ta lokacin zafi mai nauyin giram 500 zuwa 800, sai kuma jakar sanyi ta sosai wadda ke haura kilo guda.

Tufafin da ke jakarka ma kayan barci ne. Rigar sanyi, dogon wando na ciki, busasshiyar safa da aka keɓe don dare kaɗai, da hular sanyi, idan aka haɗa su da zanen ciki suna fitar da mutum daga daren da ba shi da tsanani. Sharaɗin shi ne su kasance a bushe, domin wanda ruwan sama ya jiƙa masa rigar sanyi da rana ya rasa mayafinsa na dare.

Mataki na shida: yanke hukunci

Yanzu koma kan takardarka. Idan babu alama ko ɗaya, ka bar jakar barci a gida. Idan akwai alamomi, amma tafiyar ta faɗo a tsakiyar lokacin zafi, kamar Yuli da Agusta a kudancin Turai, kuma gwajin gida ya nuna ba ka da saurin jin sanyi, zanen ciki da tufafinka sun wadatar. Idan tafiyar ta faɗo a watannin da ke gefen lokacin zafi, kamar Afrilu da Mayu ko ƙarshen Satumba da Oktoba, ko hanya tana hawa sama da mita 1,000, ko kai mai jin sanyi ne, ka ɗauki jakar barci mara nauyi ko bargon tafiya. Idan hunturu ne, ko akwai daren da ka sa wa alama biyu a wuri mai sanyi, jakar sanyi ta sosai ta zama dole, kuma a nan ba a yin tsimin nauyi, domin sanyi a waje yana iya kashe mutum.

Inda ka tsaya a tsakiya ka kasa zaɓa, ni ina karkata ga ɗauka, amma mafi sauƙin nauyi da za ka iya samu. Dalilina shi ne rabin kilo ana iya rage shi daga wani wuri, kamar riga ta uku ko babban tawul ko littafi, barcin da aka rasa kuwa babu abin da ke maye gurbinsa, kuma dare biyu a jere ba barci sukan jawo tuntuɓe da mura da mutuwar zuciya. Wanda ke da ciwon gwiwa ko baya yana da wata mafita a wasu hanyoyin, domin a hanyar Santiyago akwai masu jigilar jaka daga masauki zuwa masauki, har da hukumar gidan waya ta Sifaniya, sai dai wasu masaukan hukuma da na coci ba sa karɓar jakar da aka aiko.

Mataki na bakwai: idan ɗauka za ka yi, wace iri?

Fara da takardar da ke jikin jakar. Jakunkuna masu inganci ana gwada su bisa ma'aunin ISO 23537, wanda ya gaji ma'aunin Turai na EN 13537, ta hanyar kwantar da mutum-mutumi mai ɗumi a ciki, sanye da dogon kayan ciki, bisa shimfiɗa. Gwajin yana fitar da alƙaluma uku. Wanda aka rubuta Comfort a kansa shi ne sanyin da mace mai matsakaicin jiki za ta yi barci a miƙe ba tare da damuwa ba. Wanda aka rubuta Limit shi ne sanyin da namiji mai matsakaicin jiki zai iya barci a ƙudundune. Na uku, Extreme, iyakar tsira da rai ce na 'yan sa'o'i tare da haɗarin illa, ba shi da alaƙa da barci. Wasu kamfanoni sukan buga adadi mafi ƙasa da manyan baƙaƙe domin jakar ta yi kama da mai ƙarfi, kai kuwa na farko, wato Comfort, za ka duba. Ga mai kwana a cikin ɗaki a watanni masu sauƙi, jakar da adadinta na farko ke tsakanin digiri 10 da 15 ta isa. Jakar da ta fi ƙarfin wurin ma matsala ce, domin za ta jiƙa ka da gumi ka ture ta, sa'an nan sanyin asuba ya same ka a jiƙe.

Sai abin da aka cusa a ciki. Lallausan gashin agwagwa ko na dinya ya fi komai ɗumi idan aka gwada da nauyinsa, yana matsuwa ya ƙanƙance, yana kuma daɗewa shekaru idan an kula da shi, amma yana da tsada, kuma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina riƙe ɗumi, ga wahalar bushewa. Zaren roba ya fi nauyi da cin wuri, sai dai ya fi araha, yana riƙe ɗan ɗumi ko da danshi, kuma ana wanke shi a injin wanki ba tare da fargaba ba. Ga mai kwana a ɗaki wanda nauyi ya fi damunsa, gashin tsuntsu ya fi. Ga mai kwana a waje a ƙasa mai yawan ruwa da raɓa, ko wanda ba zai sake amfani da jakar ba bayan wannan tafiya, zaren roba ya fi dacewa.

Ka shiga cikin jakar kafin ka saya idan da hali. Ta yi daidai da tsayinka, domin doguwa tana barin iska mai sanyi a ƙafa, gajera kuma tana matse abin da ke ciki har ɗumin ya tafi. Ga masaukin haɗaka, wadda zif ɗinta ke buɗewa har ƙasa ta zama bargo ta fi amfani, tunda za ka iya yafa ta a daren zafi ka rufe ta a daren sanyi. Namijin da ke cikin harami ya tuna ba ya rufe kansa, don haka jaka mai hula ba ta da amfani gare shi a wannan hali.

Mai kwana a ƙasa ya san cewa jakar barci ita kaɗai ba ta isa ba. Nauyin jiki yana danne abin da ke ƙarƙashinsa, ƙasa kuma tana zuƙe ɗumi fiye da iska, don haka tabarmar soso ko katifar hurawa wajibi ce. A wuri mai zafi kamar Muzdalifa a shekarun da Hajji ke faɗowa a lokacin zafi, tabarma da siririn mayafi sun fi jakar barci amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na takwas: shiryawa, kulawa, da gyara hukunci a hanya

Jakar barci a ƙasan jakar goyo take zama, tunda ita ce ta ƙarshe da ake buƙata a wuni, kaya masu nauyi kuma su zauna a samanta kusa da baya. Ka sa ta a cikin leda mai kauri ko jakar da ruwa ba ya shiga, ko da kana da murfin ruwa na waje, domin ruwan sama na wuni guda yakan bi ta tsakanin baya da jaka ya shiga. Wajen mayar da ita cikin gidanta, cusa ta ake yi daga ɓangaren ƙafa, ba a naɗe ta, haka ya fi sauri kuma ya fi kare abin da ke ciki. Da ka isa masauki ka zazzage ta ka shimfiɗa tun da rana domin ta kumbura ta sha iska, kuma duk ranar da aka samu rana mai kyau ka juya cikinta waje ka shanya ta na rabin sa'a. Idan ka dawo gida kada ka ajiye ta a matse, ka rataye ta ko ka sa ta a babban buhu.

Batun kuɗin cizo yana buƙatar gaskiya, domin wasu suna ɗaukar jakar barci da zaton za ta kare su. Ba ta karewa, ƙwaron yana shiga ta wuya da ta zif, kuma jakar tana iya zama abin da zai ɗauke shi zuwa masauki na gaba. Kafin ka ajiye komai a gado, ɗaga katifa ka haska fitila a kan ɗinkin gefenta da kusurwoyin gadon, kana neman baƙaƙen ɗigo ƙanana da ɓawon ƙwari. Kada ka ɗora jakar goyo a kan gado. Idan ka tashi da cizo a jere a hannu ko a wuya, ka sanar da mai kula da masaukin ba tare da jin kunya ba, ka wanke abin da ke wankuwa da ruwa mai zafin digiri 60, ka sa sauran a injin busar da kaya mai zafi na aƙalla minti 30, bayan ka duba takardar jikin jakar ka ga zafin da za ta iya ɗauka. Zanen ciki ya fi jakar barci sauƙin wannan aiki, kuma wannan ma dalili ne na amfani da shi ko kana da jaka.

Hukuncin da ka yanke a gida yana gyaruwa a hanya, kuma sanin haka yana rage damuwa. Tun kafin ka tashi, sa alama a kan manyan garuruwan da hanyarka ke ratsawa, domin a nan ake samun shagunan kayan tafiya da gidan waya. A hanyar Santiyago, wanda ya bar jaka ya ga sanyi ya fi ƙarfinsa yana iya saya a Pamplona bayan kwana uku da fara tafiya, ko a Logroño, ko a Burgos, ko a León. Wanda ya ɗauka kuma ya ga ta zame masa kaya yana iya aika ta gaba ta gidan waya a ajiye masa a Santiyago, ko ya bar ta a akwatin kyauta da masaukai da yawa ke ajiyewa don matafiyin da ke baya. Sai dai kafin ka rabu da ita, sake buɗe takardar nan ka duba zangunan da suka rage, domin a wannan hanya Cruz de Ferro da O Cebreiro duk suna gaban León, kuma wanda zafin fili ya ruɗe shi ya aika jakarsa daga Burgos zai hau duwatsun nan biyu da zanen ciki kaɗai.